Ɗan Aiken Da Ba Ya Dawowa

Ranar Asabar ɗin nan da ta wuce ina tsaye a bayanku, ku masu koyon aiki a shagona, ina laluben cajata, sai na ji ɗayanku yana cewa wai aikin tura buƙata da karɓo amsa layi uku ne, ko na'ura ka tambaya ta rubuta maka kafin shayinka ya huce. Ban tanka ba, don na san halina, in na fara ba na tsayawa. Amma maganar ta bi ni har gida, na kasa zaune na kasa tsaye, shi ya sa na ce bari in rubuta muku, in kun ga dama ku karanta. Gaskiya ya faɗa, layi uku ne. Ni ma layi ukun na rubuta, kuma su suka hana mahaifina tsayawa a sahun jana'izar amininsa na shekara talatin.

Bari in fara da abin da kuke ganin kun sani, saboda wanda zai tsinci takardar nan bai san aikinmu ba. In ka danna wani abu a wayarka, manhajar ba ita ke da amsa ba, aike take yi. Tana tura buƙata zuwa wata kwamfuta mai nisa da muke ce wa sabar, ita kuma ta maido da amsa. Tsakanin tafiya da dawowa akwai 'yan hidimomi: a rubuta adireshi, a nuna ko kai wane ne, a jira, a karanta abin da aka ce. Don kada kowa ya riƙa rubuta su daga farko, sai wani ya rubuta sau ɗaya ya ɗaure su dami guda, saura su ɗauka su yi aiki da shi. Damin nan muke kira laburare, ko da yake babu littafi ko ɗaya a ciki. Sama da shekara ashirin ke nan ina ɗaure irin wannan dami a Kaduna, gashin kaina ma a ciki ya zube.

Aikina na farko duba wa ɗalibai sakamakon jarrabawa ne a kafen intanet na Oga Lawal da ke Unguwar Dosa. Kwamfuta shida ce, biyu ba sa tashi sai an mari gefensu, janareta kuwa in ya ga dama. Ranar da sakamako ya fito layi har bakin kwata. Ka cika fom, ka danna, abu ya yi ta juyawa, ya mutu, ka sake daga farko, uwar yarinya tana tsaye a kanka tana tambaya ko ta ci. Ni a lokacin dannawa kawai na iya, in ya ƙi in ƙara dannawa da ƙarfi.

Oga Lawal Bakatsine ne, ɗan gajere, ba ya dariya sai abu ya lalace. Wata rana ya gaji da ganin ina dukan madanni, ya ture ni ya buɗe wani baƙin allo, ya nuna mini abin da ke wucewa ta ƙarƙashi. Ashe duk buƙatar da ta tafi, sabar tana maido da lamba. Ɗari biyu, an karɓa. Ɗari huɗu da huɗu, abin da kake nema ba a nan yake ba. Ɗari biyar da 'yan kai, can gidan ne ya rikice, ka dawo an jima. Ya sa na sayi littafin makaranta na kwafe su da biro, kuma wata uku cur bai bar ni na rubuta buƙata ko ɗaya ba, sai karanta amsa. Duk sanda na kira shi na ce abu ya ƙi, tambayarsa ɗaya ce: "Mi ta ce maka?" In na ce ban duba ba, sai ya juya ya ci gaba da shan rakensa. Na tsani watannin nan uku kamar me.

Sai dai ni tun kafin Oga Lawal ina da wani malamin a gida. Mahaifina, Malam Isa, masinja ne a wata ma'aikatar gwamnati har ya yi ritaya. Kaki, keke, da wani dogon littafi mai baƙin bango da duk wanda ya karɓi takarda sai ya sa hannu a ciki. Abokin aikinsa Malam Garba masinjan hawa na biyu ne, tare aka ɗauke su. Famfon keke guda ɗaya suka yi shekara talatin suna karɓa-karɓa, har suka manta na waye. A gidanmu akwai labarin da babu wanda bai haddace ba: ranar da aka ba Baba wasiƙa ya kai wa wani darakta, ya tarar ba ya nan, ya zauna a benci tun hantsi har bayan la'asar, bai ci komai ba, sai da mutumin ya zo ya sa hannu. Da labarin nan na girma, kuma abin da na ɗauka a ciki shi ne ɗan aike na ƙwarai ba ya dawowa da saƙo a hannu.

Da na buɗe nawa shagon a Malali, aikin da ya fara ɗaga ni na wani mai kemis ne da ke da reshe a Kawo, yana so in an nemi magani a nan ya san ko akwai shi a can. Na ɗauko laburaren da kowa ke amfani da su, na waje, suna da kyau ba laifi. Amma waɗanda suka rubuta su ba su taɓa zama a inda sabis ke ɗaukewa don hadari ya taso ba. Sau ɗaya suke gwadawa, in ya ƙi su watso maka jan rubutu su koma gefe. Haushi ya sa na zauna na rubuta nawa, na sa masa suna Ɗan Aike. In ya je bai samu ba, ya ɗan jira ya koma. Mai kemis ya ji daɗi, ya gaya wa surukinsa, surukin ya gaya wa wani, kafin shekara ta zagayo masu rubuta manhaja da dama a garin nan da shi suke aiki. Kaina ya yi girma, ba sai na ɓoye muku ba.

Wadda ta ja ni ga kuskuren kuwa, ba tare da ta sani ba, wata Hajiya ce shugabar makarantar kuɗi a Unguwar Rimi, da na yi wa manhajar tura wa iyaye saƙon tes. Saƙon ba kai tsaye yake tafiya ba, sai Ɗan Aike ya kai shi sabar wani kamfani, su kuma su raba wa wayoyi. A lokacin in ya gwada sau biyar bai samu ba, allon yakan yi ja. Matar nan da ta ga ja sai ta kira ni. Ina cin abinci, ina alwala, ina kan acaba: "Malam Nura, ya yi ja!" In ce Hajiya sabis ne, ki ƙara dannawa an jima. Minti biyu ba a yi ba: "Malam Nura, har yanzu ja ne!" Wata rana sau goma sha ɗaya ta kira ni kafin azahar.

Sai na ce to, a daina ja gaba ɗaya. Na sauya layi uku. Daga ranar, da ka miƙa wa Ɗan Aike saƙo zai nuna maka kore nan take, ya jefa saƙon a layin jira, ya riƙa komawa duk bayan minti ɗaya, babu iyaka, har sai an karɓa. Wayata ta huta. Kwastomomi suka shiga yabona, wai kayan Nura ba sa kuskure. Mu dama mutane ne da ba ma son kai mummunan labari, kana kwance da zazzaɓi a tambaye ka ka ce lafiya lau. To, wannan halin namu na ɗauka na zuba wa manhaja.

Na je na nuna wa Oga Lawal ina hura hanci. Ya zare wayar intanet da hannunsa, ya tura saƙo, allo ya yi kore. Ya dube ni.

"Mi ta ce maka?"

"Ba ta ce komai ba tukuna, Oga. Ai ka cire waya."

"To wa ya ce kore?"

"Zai kai ai. Ko yaushe sabis ya dawo zai kai."

"Yaushe?"

Na yi dariya, na ce a raina tsufa ya kama Oga. Shi ma dariyar ya yi, kuma na riga na gaya muku lokacin da yake dariya.

A shekarun nan Baba ya yi ritaya ya koma Rigachikun yana 'yar gonarsa. Amma tsofaffin ma'aikatan ma'aikatarsu suna da ƙungiya, kuma duk sanda ɗayansu ya rasu Baba ake fara gaya wa, shi zai bi gida-gida da keke, na nesa ya shiga mota, wanda ke da waya ya kira shi. Ba wanda ya naɗa shi, haka kawai abin ya zauna. Kun san jana'izarmu ba ta jiran kowa, wanda ya rasu da safe ana kai shi bayan azahar. Ga tsoho da ciwon gwiwa yana tseren rana. Raina ya kasa ɗauka, na je wurin sakataren ƙungiyar, Alhaji Shehu, na ce zan yi musu manhaja kyauta. Ya rubuta sanarwa sau ɗaya a wayarsa, ta isa ga mutum ɗari biyu da wani abu a lokaci guda.

Alhaji Shehu ya yi ta sa mini albarka. Baba kuwa da na kai masa albishir, yana gyaran ƙotar fartanya, bai ko ɗago ba.

"Wa zai sa hannu?"

"Baba, yanzu ba a sa hannu. Ka huta, ƙafafunka sun yi iya nasu."

"To," ya ce. Daga ranar ya jingine keken a zaure, aka daina kiransa.

Shekara biyu abin yana tafiya sumul. Sai shekarar da ba na so in tuna, da damina. Kamfanin da ke raba mana saƙon tes suka sauya adireshin sabar tasu. Ba laifinsu, sun aiko da sanarwa har sau biyu, tana nan a akwatin wasiƙuna ban buɗe ba, ina can ina yawon neman sabon aiki. Ɗan Aike ya ci gaba da zuwa tsohuwar ƙofa. Makaranta tana hutu, sauran kwastomomi ba ta hanyar suke bi ba, don haka ba wanda ya yi ƙorafi. Allon kowa kore shar.

Ranar wata Alhamis aka koma makaranta, Hajiya ta kira ni da hantsi, wai iyaye sun ce ba su ga saƙon ranar dawowa ba. Na duba, na gano, na sa sabon adireshi. Minti goma bai kai ba. Sai layin ya fara zubewa, saƙonni suna fita ɗaya bayan ɗaya. Na zauna da ƙosai da shayi ina kallo ina jin daɗi, ina cewa ka ga aiki, ko ɗaya bai ɓata ba. Bai zo mini a rai ba in buɗe in ga me ke cikin layin kafin in sake shi.

Wajen sha ɗaya da rabi Baba ya kira. Ina jin ƙarar mota da muryar kwandasta.

"Nura, Garba ya rasu. Yanzu saƙo ya shigo. Bayan azahar za a kai shi. Na taso, ka same ni can."

Na yi salati, na ce ina zuwa. Har na ɗauki hula, sai wani abu ya ce mini in leƙa rajistar Ɗan Aike, inda yake rubuta duk zuwansa da dawowarsa. Wallahi ba don zargi na buɗe ba, so nake in ga aikina ya yi rana. Ga saƙon Alhaji Shehu nan: Allah ya yi wa Malam Garba Masinja rasuwa, jana'iza yau bayan sallar azahar a gidansa da ke Unguwar Dosa. Na kalli ranar da aka rubuta shi. Kwana tara da suka wuce. A ƙarƙashinsa kuwa layi ne bayan layi, sama da dubu goma sha biyu, kowane da amsarsa a rubuce ɓaro-ɓaro: ɗari huɗu da huɗu. Kwana tara ana gaya masa ba nan ba ne, shi kuma yana komawa, don ni na hana shi dawowa ya faɗa.

Na kira Baba sau shida. Wayar tana aljihun ciki, ƙarƙashin babbar riga, ba ya ji. Na rungumi laftof na tare ɗan acaba, ko rufe shago ban yi ba.

Na riga shi isa, amma wasu sun riga ni. Dattawa sun kai arba'in a ƙofar gidan, cikin fararen kaya, wasu da sanda, wani ma jikarsa ce ta riƙo shi. Ga keke napep yana sauke wasu. Babu tabarma, babu makara, akuya ce kawai kwance a inuwar katanga. Telan da ke maƙwabtaka ya fito da igiyar awo a wuya yana musu bayani: an kai shi tun wancan makon, an yi addu'ar uku, an yi ta bakwai. Maƙwabta da mutanen masallaci ne suka sallace shi. Daga ma'aikata mutum uku suka zo, su ma don a unguwar suke, kuma kowannensu ya ɗauka saura sun sani sun ƙi zuwa.

Aka kira Alhaji Shehu. Ranar rasuwar yana Katsina wurin jinyar ɗan'uwansa, daga can ya tura saƙon, jiya ya dawo. Ya iso yana haki, yana nuna wa kowa wayarsa: "Ku duba, ga shi nan, kore ne! Tun ranar ya nuna ya tafi!" Ba wanda ya saurare shi. Wani dogon tsoho, tsohon direba, ya nuna shi da sanda.

"Don masinja ne, Alhaji. Da darakta ne ya mutu da ka kira mu ɗaya-ɗaya."

Ana cikin haka 'yar marigayin, Hauwa, ta leƙo daga zaure, ta gaishe da mutane ba ta kalli kowa ba. "Inna ta ce a gaya muku ta gode. Amma an riga an naɗe tabarmi." Ta juya ta koma.

A daidai nan na hango Baba yana saukowa daga keke napep, cikin farar rigarsa ta Juma'a, yana ɗingishi yana sauri kada a tayar da salla babu shi. Ina tsaye ina kallonsa. Tela ne ya tare shi ya gaya masa. Ya nemi dakali ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Can ya ɗago ya dubi sakatare, a hankali.

"Alhaji, ko ni ba ka kira ba?"

"Malam Isa, wallahi na ɗauka kai ne farkon sani. Kai da kullum..."

Zan gaya muku gaskiya, don ba wa'azi na zauna rubutawa ba. Na yi tunanin in yi shiru. A duk taron nan babu wanda ya san akwai wata aba wai ita rajista. In na ce sabis ne, kowa zai yarda, wa bai taɓa zagin sabis ba? Alhaji Shehu zai kwashi sauran, ya tsufa da sunan mai raina talaka. Tsoro nake ji, ba na dattawan ba, na Baba. Gumi ya jiƙe mini riga har laftof ɗin yana zamewa a hammatata. Ban san sanda na ji bakina yana magana ba.

"Ba Alhaji ba ne. Ya tura a kan lokaci. Ni ne."

Na fara bayani, adireshi, sabar, layi, ina ta in'ina. Baba ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Sai ya shiga tambayata kamar yadda na tabbata an sha tambayarsa a ofis.

"Ɗan aiken naka, ya je?"

"Ya je, Baba."

"Me aka ce masa?"

"An ce ba nan ba ne."

"Ya dawo ya gaya wa Alhaji?"

"A'a."

"Me ya gaya masa?"

"Ya ce... ya ce ya kai."

"Wa ya koya masa haka?"

"Ni."

Na ƙara da abin da har yau nake jin kunyarsa, don neman mafaka nake yi. Na ce, "Baba, labarinka na bi. Na ranar da ka zauna ƙofar darakta har la'asar."

Baba ya ce, "Ranar nan sau biyu na aika wa maigidana. Da hantsi na roƙi wani direba ya ce masa ban samu mutumin ba. Da azahar na sake aikawa, na tambaya in jira ko in dawo. Shi ya ce in jira. Ba ku taɓa tambayata wannan ba, zaman bencin kawai kuke so ku ji." Ya mayar da hularsa. "Mutum na bari a baya yana jirana, Nura. Ka taɓa ganin na bar shi cikin duhu?"

Ya miƙe da ƙyar, ya je gaban Alhaji Shehu ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce ya yafe masa. Tsohon direban ma ya matso yana sunkuyar da kai. Ni kuma aka ce in shiga zaure in maimaita wa Inna ta bayan labule, na maimaita. An jima Hauwa ta fito da tabarmi uku ta shimfiɗa, dattawa suka zauna aka yi addu'a. Da aka shafa ta sake fitowa, riƙe da famfon keken nan, ta durƙusa gaban Baba. "Inna ta ce tun ranar uku yake bayan ƙofa. Kullum in an yi sallama sai ta ce a duba ko kai ne."

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Labari ya zaga gari, masu manhaja da dama suka cire Ɗan Aike daga aikinsu, na yi watanni ina gyaran firinta don in ci abinci. Na zauna na warware shi gaba ɗaya na sake ɗaurewa. Yanzu kala uku gare shi: ruwan ɗorawa yana hanya, kore an karɓa, ja ya gagara. Ba ya nuna kore sai ya ga ɗari biyu da idonsa. Ya san bambancin a ce masa dawo an jima da a ce masa ba nan ba ne. Kowane saƙo kuma da wa'adinsa, in ya wuce ba a kai shi, sai a koma a gaya wa mai shi, da babbar murya. Hajiya ta ci gaba da kirana tana cewa ya yi ja, ni kuma ina ɗauka ina cewa madalla. Da na je wurin Oga Lawal na zaci zai ce ai na gaya maka. Bai ce ba, ya dai miƙo mini rake ya ce, "Yanzu ka ji mi ta ce?"

Shi ya sa ranar Litinin in kun zo da layukanku uku, ba zan duba ko suna aiki ba, na san suna yi. Zan zare wayar intanet in tsaya a kanku, ku nuna mini abin da mai aiken zai gani, da kuma bayan minti nawa zai gan shi. Wanda allonsa ya yi kore ya tattara ya koma karanta amsa, wata uku.

Amma ban gama da ranar Alhamis ɗin ba. Da mutane suka watse bayan la'asar, Baba ya ce in raka shi maƙabarta. Tela ya rufe shagonsa ya bi mu, don shi ya san wurin. An yi ruwa sau biyu a cikin kwana taran, ƙasa ta kwanta, ga sababbin kaburbura kusan shida a jere, sai da ya yi ta dubawa kafin ya gane wani fasasshen tulu da aka kafa a wajen kai. Baba ya miƙo mini famfon na riƙe masa. Ya yi sallama, ya durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo, ya yi addu'a mai tsawo. Da ya shafa bai tashi ba. Ya gyara zaman tulun, ya share lakar hannunsa a farar rigarsa, sannan ya yi magana da irin muryar da yake ba da rahoto.

"Garba, Isa ne. Yau saƙon ya same ni. Ina samu na taso."